Ruwan Kwamfuta a Tozai

A shekara ta biyu ta farin nan da ya riƙa ƙone mana gero tun bai kai gwiwa ba, na samu aikin da na ɗauka shi ne zai fid da ni kunya. Na gama karatun kwamfuta a Sakkwato na dawo Isa, ina zaune a bakin kasuwa ina gyara wa mutane wayoyi. Sai wata ƙungiyar agaji ta ƙasar waje ta zauna ta yi nazari, ta gano cewa abin da ya rage wa manoman Gobir shi ne manhaja. Za a kafa ma'aunin ruwan sama a makarantun ƙauyuka. Kowace safiya malamin makaranta ya leƙa ya turo abin da ya gani ta waya, kwamfuta ta lissafa, in ƙasa ta sha isasshe sai ta aika wa manoma saƙo su fita shuka. Suna neman ɗan gari wanda ya iya rubuta manhaja kuma ya san hanyoyin ƙauyukanmu. Hanyoyi kam na sani. Ɗayan sharaɗin ba a tsananta bincike ba.

An kama mana shago a bayan kasuwar Isa, tsakanin mai injin niƙa da mai sayar da buhunan wofi, wanda a shekarar ya fi kowa kaya. Mu uku ne. Babbanmu wani mutum ne daga Kaduna da muke kira Injiniya, dogo, mai riga a soke cikin wando, wanda ba ya shan ruwan garinmu sai na roba da ake kawo masa kwali kwali daga Sakkwato. Na biyu mutumin Maraɗi ne, tsohon malamin makaranta. Ya ce mana a can ana kiran malami Mushe, haka kuma yake so mu kira shi. Na yi ƙoƙarin bayyana masa abin da kalmar take nufi a wannan gefen iyaka, balle a shekarar da shanu ke faɗuwa a gefen hanya, amma ya ce shi girmansa ne. Muka bar masa girmansa.

Tun ranar farko rigima ta tashi kan harshen da za a rubuta manhajar da shi. Ga wanda bai sani ba, kwamfuta tana da harsuna da yawa, kuma masu su sun fi 'yan siyasa riƙo. Injiniya mutumin Java ne. Mushe mutumin Python ne, wato mesa da Turanci. Injiniya ya ce Java harshen masu hankali ne, komai sai ka faɗi sunansa da irinsa da asalinsa kafin a bar shi ya shiga, kamar a gaban alƙali. Mushe ya ce shi ya sa in kana son gaishe da mutum a Java sai ka cika shafi guda, kafin ka gama mutumin ya tafi.

"Harshen da aka sa wa sunan mesa," in ji Injiniya, "wanda in ka bar ɗan fili a farkon layi komai ya rushe, shi za ka ɗora wa abincin mutane?"

"Oga, mesa aƙalla tana motsi," in ji Mushe. "Naka raƙumi ne da ya durƙusa."

Haka suka cinye rabin bazara. Ni nawa shi ne sayo musu fura da kunna janareta. Da abin ya kai kunnen shugaban aikin a Abuja, sai ya yi irin sulhun da manya kan yi in ba su fahimci abin da ake faɗa a kai ba: ya ce kowa ya rubuta rabi da harshensa. Mushe zai karɓi abin da malamai suka turo ya lissafa. Injiniya zai yanke hukunci ya aika saƙo. Ni kuma in rubuta gadar da za ta ɗauki magana daga wannan rabin ta kai wancan. Na zama kamar ɗan aike tsakanin maƙwabta biyu da ba sa gaisawa.

Rubutun Java ba ya zama manhaja haka kawai. Sai an ba wa wata manhajar, wadda aikinta shi ne ta tattaro sassa ta harhaɗa, mu kuma muna kiran wannan aiki bildi. Ita wannan mai bildi ba ta ɗaga yatsa sai ta sauko da tarkacen duniya daga intanet, kowane tarkace kuma yana da nasa tarkacen da yake jira. Sabis ɗin Isa a lokacin sai ya ga dama. Mushe ya ce layinsa na Nijar ya fi ƙarfi, saboda haka duk ranar bildi sai mu shiga motar aikin mu wuce Sabon Birni, mu nausa wajen iyaka har wayarsa ta kama. Lokacin hanyar ba ta lalace kamar yadda ta lalace daga baya ba. Akwai wani gawo da muke zama ƙarƙashinsa, laftof bisa cinyar Injiniya, Mushe a tsaye yana ɗaga waya sama kamar mai nuna wa Allah ita. Fatake masu shigo da kaya daga Nijar in sun hango mota da mutane masu kwamfuta sai su ɗauka kwastan ne, su karkata jakunansu su bi ta cikin gonaki. Ban san asarar lokacin da muka jawo wa bayin Allah ba.

Bildi zai yi ta tafiya, layuka suna gudu, ya kusa ƙarshe, sai ya tsaya ya ce wani sashe bai yarda da shekarun wani sashe ba. Mushe ya yi ta dariya har ya dafa gawo. Amma nasa rabin ma ba ya tashi a ko'ina sai a laftof ɗinsa, domin ya cusa mata abubuwa tun yana Maraɗi ya manta sunayensu. In muka ce ba ya aiki a wajenmu sai ya juyo da fuskar laftof ɗin ya ce, "Bon, ga ni dai yana tahiya."

Abin da Injiniya ya fi so a duniya, bayan ruwan roba, shi ne gwaji. Ya koya mini cewa ƙwararre ba ya rubuta manhaja sai ya fara rubuta wata ƙaramar manhaja da za ta yi mata tambayoyi: in an ba ki kaza, me za ki ce? In amsa ta yi daidai, layi ya fito kore. In ta kuskure, ja. Ya kawo wata na'ura mai haska bango, kowace safiya kafin mu karya sai ya saki gwaje-gwajensa mu zauna muna kallon bangon shago yana cika da kore daga sama har ƙasa. Duk ƙasar Isa da Sabon Birni a wannan bazarar babu wani wuri mai kore kamar bangon nan. Mai niƙa yakan leƙo ya ce masha Allah.

Tunda gwaji yana bukatar ruwa, ruwa kuma babu, Injiniya ya ƙirƙiro nasa. A cikin kwamfutarsa kullum damina ce. Akwai gwajin ruwa madaidaici, akwai na ruwa kamar da bakin ƙwarya, akwai na ambaliya. Har ƙanƙara ya tanada. Ya kuma ajiye wata ranar ruwa mai albarka a cikin rabinsa, wadda manhajar za ta riƙa ɗauka a matsayin misali duk lokacin da bayani bai iso ba, don kada bango ya yi ja ba gaira ba dalili. Mu ukun nan muna shiga shago da ƙurar fari a ƙafafunmu, muna jin ana shelar roƙon ruwa, amma babu wanda ya yi tunanin a tambayi manhajar me za ta ce in ruwa bai sauka ba.

Cikin manoman da aka zaɓa don gwada abin, aka raba musu ƙananan wayoyi, akwai kawuna, yayan mahaifiyata, a Tozai. Kawu mutum ne mai son a san da shi. Kafin a raba wayoyin ya riga ya gaya wa duk majalisarsu cewa ɗan ƙanwarsa ne ya ƙera abin, Turawa sun zo taya shi ne kawai. "Yaron ga namu shi ka magana da hadari," haka yake faɗi. Na taɓa cewa, "Kawu, ni gada kawai na rubuta." Ya ce in yi shiru, tawali'u ma in ya yi yawa ƙarya ne.

Lokacin shuka ya zo ya fara wucewa. Hadari yakan taso daga gabas da la'asar, ya yi baƙi, mata su kwashe shanya, sai iska ta watsa shi. A cikin wannan hali Abuja ta ce a kunna manhaja. Muka kunna. Washegari da safe malaman makaranta suka leƙa ma'aunansu, suka turo gaskiyar abin da suka gani, wato sifiri. Kafin mu gama shan koko saƙo ya fita zuwa kowace waya, da Hausar da ni na fassara da hannuna: An samu isasshen ruwa a yankinku, a fita shuka.

Wani malami daga Unguwar Lalle ne ya fara kira. Ya yi sallama da ladabi, ya tambayi lafiyar aiki, sannan ya ce, "Don Allah wane ruwa?"

Injiniya ya kunna na'urar bango. Kore ya sauko. Ya nuna mana da hannu ya ce, "To ga shi. Matsalar daga malamai take."

Na fita waje na kira Kawu. Na ce masa kuskure ne, kada ya taɓa irinsa. Ya saurare ni har na gama.

"Kai kay yi ta," in ji shi, "amma ta hi ka sani. Ita gaba taka hange. Abin da ba shakka a kai nan, ai sai a ce an yi. Ga hadari can gabas."

"Kawu, wallahi ba hange take yi ba."

"Za ni binne gobe. Na riga na hwaɗi ma mutane."

Binne shi ne a zuba iri a busasshiyar ƙasa a jira ruwa ya same shi a ciki. Mutanenmu suna yi, wani lokaci a dace. Amma irin da Kawu ya fitar shi ne na ƙarshe a rumbunsa, wanda ya hana iyalinsa ci tun bara. Yawancin waɗanda suka samu saƙon sun yi dariya ne suka mayar da waya aljihu. 'Yan majalisar Kawu kuwa, da suka ga kawun mai abin da kansa ya fita da sungumi, sai suka bi shi.

Muka ce a aika saƙon gyara. Sai ya zamana kalmomin saƙo a cikin rabin Injiniya suke a dunƙule, ba a canja ko harafi sai an sake bildi. Muka kwasa zuwa gawo. Da muka kunna, mai bildi ta sanar da mu cewa masu ita a can ƙasarsu sun sabunta ta, kuma sabuwar ba ta san tarkacen da tsohuwar ta tara ba. Muka yini muka dawo. Muka koma washegari, caji ya ƙare ana dab da gamawa. Ranar da saƙon ban haƙuri ya fita, gonar Kawu ta riga ta haɗiye irinta.

Bayan 'yan kwanaki aka yi yayyafi a Tozai, irin wanda ke kwantar da ƙura kawai. Ya isa ya tashi iri daga barci, bai isa ya shayar da shi ba. Gero ya leƙo, siriri, kore shar, Kawu ya kira ni yana dariya ya ce in gaya wa Turawana su ƙara mini girma. Daga nan sama ta rufe bakinta. Rana ta bi tsiron nan layi layi ta ƙone shi.

A shago kuwa an gano inda gizo ke saƙa, kuma ganowar ta fi ɓatan daɗi ga su biyun, domin kowa ya samu abin jifa. A harshen Mushe, in ba ka yi hankali ba, sifiri da babu abu ɗaya ne. Da malamai suka turo sifiri, rabinsa ya ɗauka ba a turo komai ba, ya yi shiru. Gadata ta ɗauki shirun ta kai. Rabin Injiniya da ya ji shiru sai ya jawo ranar albarkar nan da aka ajiye masa, ya ga ƙasa ta sha ta ƙoshi, ya yi wa manoma albishir.

"Harshen da bai san bambancin sifiri da babu ba!" in ji Injiniya. "Ɗan aji ɗaya ya sani!"

"Ni na yi shiru, Oga. Shiru ba ƙarya ba ne. Kai ne ka yi ruwa."

Ranar kasuwar Isa sai ga Kawu. Ya shigo ba tare da ya dube ni ba, ya cire hularsa, ya zazzage busasshen tsiro a kan teburin Injiniya, har wasu suka shiga tsakanin maɓallan laftof.

"Wa ab babba nan?"

Injiniya ya miƙe ya gaishe shi da Baba, ya ba shi kujera, ya ce ya fahimci damuwarsa ƙwarai. Sannan, Allah shaida, ya kunna na'urar bango. Ya yi wa Kawu bayani cewa kowane koren layi shaida ce cewa manhajar tana yin abin da aka tsara. Kawu ya kalli bango, ya kalli tsironsa.

"Iri nika so," in ji shi. "A ba ni iri in sake in ruwa ya zo."

Injiniya ya ce abin takaici aikin nan ba a ware masa iri ba, na manhaja ne zalla. Amma zai tabbatar Baba yana cikin na farko da za su samu sabon fitowa in an gyara.

Kawu ya zaro wayar da aka ba shi ya miƙo mini ya ce in sa masa caji tunda janaretanmu na aiki. Ya zauna har ta cika. Da zai tafi ya sunkuya ya ɗauki kwalin ruwan Injiniya da ba a buɗe ba, ya ɗora a kafaɗa. Na raka Kawu tasha, na ɗaure masa kwalin a bayan babur. Abin da ya ce mini kawai shi ne in gaida uwata.

Ba a jima ba aka ce baƙi za su zo daga Abuja duba aiki, har da wata Baturiya. Injiniya, don a san shi mai gaskiya ne, ya zauna ya rubuta gwajin ranar da ba ruwa. Ya saki, layin ya fito ja wur a tsakiyar bango. Gyaran layi ɗaya ne, ko a rabin Mushe ko a nasa. Amma duk wanda ya taɓa nasa ya amsa laifi ke nan. Na ce in gyara a gada. Su biyun suka haɗa baki, karon farko tun zuwansu, suka ce gada ba wurin hukunci ba ce, hakan zai ɓata tsari. Ana gobe baƙi za su zo, Injiniya ya sa wa gwajin wata 'yar alama da ke cewa a tsallake shi. Ja ya koma rawaya. Aka kashe aika saƙo gaba ɗaya don kada a sake jin kunya.

Baƙi suka iso da hantsi cikin motoci masu sanyi. Baturiyar ta tsaya gaban bango ta dafa ƙirji. Ta tambayi rawayan, Injiniya ya ce wannan alamar ci gaban da ke tafe ne. Mushe ya fassara mata da Faransanci duk da ba Bafaranshiya ba ce. Aka ɗauki hotuna, aka kawo wasu manoma uku da ba su yi binne ba suka ce sun gode. Aka ci naman wani rago da fari ya riga ya ci rabinsa, suka juya kafin la'asar.

Ruwan kirki ya zo a makare, lokacin da gero ba zai kai ba. Mutane suka zuba wake da abin da ya samu. Manhajar ba ta ce uffan ba, tunda a kashe take, kuma babu wanda ya lura. Da kaka Injiniya ya samu babban matsayi a wata ƙasa, an ce saboda tsabtar gwaje-gwajensa. Mushe ya koma Maraɗi da laftof ɗinsa, wato da rabin manhajar. Kawu ya ranci iri wajen surukinsa, abin da bai taɓa yi ba, waken bai taka kara ya karya ba, ya tafi cin rani kudu da girmansa yana dako a kasuwar hatsi. Mahaifiyata ta daina ambaton aikina gaban baƙi. In an tambaye ta sai ta ce ina gyaran waya.

Shekara ta zagayo, sama ba ta sauya hali ba. Ƙungiyar ta turo wata sabuwar injiniya daga Legas, mai fara'a, mai saurin magana. Ta buɗe abin da muka bari, ta karanta kaɗan, ta yi dariya har da hawaye. Ta ce Java da Python duk na tsofaffi ne, akwai wani sabon harshe wanda irin wannan kuskure ba ya ma yiwuwa a cikinsa, za ta sake komai daga tushe kafin damina. Ta ce abin da take so daga gare ni shi ne in nemo mata manoman gwaji, kuma bana za a ba kowa fitila mai cajin rana.

Na hau babur zuwa Tozai ina ta shirya yadda za ni kauce wa ƙofar Kawu. Ina shiga gari na same shi a bakin masallaci, ya rame, ya dawo daga kudu da tari. Labari ya riga ni isowa. Ya kira ni da hannu, na durƙusa na gaishe shi.

"An ce hitila aka rabo bana?"

Na ce haka ne, Kawu.

"To ka sa ni. Ka sa da surukina, shi ma ba shi da ita."